Dokta R.A.B. Dikko da Matsalar Rubuta Tarihin Rayuwa a Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba yadda salon rubuta tarihin rayuwa a Hausa yake tauye mutumin da bai shiga sahun sarakuna ko na malamai ba. An ɗauki Dokta Russell Aliyu Barau Dikko (1912–1977), likitan farko daga Arewacin Nijeriya, a matsayin misali.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Dikko a Wusasa ta ƙasar Zazzau, cikin jama'ar mishan ta Dokta Walter Miller. Ya yi karatu a King's College ta Ikko, sannan ya koyi aikin likita a Jami'ar Birmingham ta Ingila, ya dawo ya kama aikin gwamnati. A 1948 ya jagoranci taron 'yan boko a Zariya, wanda ya haɗu da irinsa na D.A. Rafih a Kaduna, aka sami Jam'iyyar Mutanen Arewa. A taronta na 1949 shi aka zaɓa shugaba. Da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, doka ba ta yarda ma'aikacin gwamnati ya riƙe ta ba, sai ya sauka ya ci gaba da aikin asibiti. Daga 1967 ya zama kwamishinan ma'adinai da wutar lantarki a gwamnatin Janar Gowon, daga baya na sufuri.

3.0 Inda Salon Ya Gaza

Tarihin rayuwa a Hausa ya gaji zubinsa daga kirari da waƙar yabo: a kawo asali, a kawo naɗi, a jero nasarori, a rufe da addu'a. Wannan zubi ya dace da basarake, amma in aka auna Dikko da shi sai a yi asarar abubuwa uku.

Na farko, laƙabin "likitan farko" yakan shanye sauran labarin. Da an faɗe shi sai a ga kamar an gama, alhali abin tambaya shi ne yadda aikin asibiti, inda talaka da basarake suke kwanciya da ciwo iri ɗaya, ya shafi tunaninsa na siyasa.

Na biyu, addininsa. Dikko Kirista ne, kuma ƙungiyar da Abubakar Imam da Sa'adu Zungur da Aminu Kano suke cikinta ita ta ɗora shi a kan gaba. Mai yabo yakan tsallake wannan don ba ya cikin ma'auninsa, amma mai tarihi ba shi da wannan dama, domin a nan ne ake ganin irin Arewar da mutanen 1949 suka yi niyyar ginawa.

Na uku, saukarsa ta 1951. Yabo bai san yadda zai yi da wanda ya bar kujera ba, tunda nasara a wurinsa hawa ce. Amma zaɓin da ya yi tsakanin asibiti da jam'iyya, a lokacin da likitoci 'yan ƙasa suke ƙidayuwa a Arewa, shi ne ƙashin bayan labarinsa.

4.0 Kammalawa

Sunan Barau Dikko yana jikin asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna, to amma sanya suna a bango daban, sanin mai sunan daban. Ya kamata manazarta Hausa su raba tarihin rayuwa da waƙar yabo, su riƙa tambayar abin da mutum ya zaɓa da abin da ya bari. In ba a yi haka ba, ɗalibanmu za su tashi da zaton cewa siyasar Arewa daga fada kaɗai ta fito.