Masu Rubuta Sunaye a Goshin Fim

Mai fitowa daga Gwarzo ko Kabo zuwa birnin Kano yakan wuce ƙofar sabon matsugunin Jami'ar Bayero, inda ɗaliban wasan kwaikwayo da na aikin jarida ke haɗa gajerun finafinai. A irin wannan fim, abin da ke fara kama idona shi ne aikin da ba a cika yabawa ba, wato rubutun sunaye na farko da na ƙarshe.

Gwanin wannan aiki sai ya kalli fim ɗin kaf kafin ya zaɓi harafi ko launi. In labarin na rikicin gadon gona ne a ƙauye, ba zai sa haruffa masu walƙiya suna tsalle ba, ko da yake manhajojin CapCut da After Effects sun cika da su. Zai ɗora farin rubutu mai kauri a kan hoton kuyyar gona, ya yi masa 'yar inuwa kada hasken rana ya haɗiye shi, ya bar kowane suna ya tsaya gwargwadon yadda mutum zai karanta shi sau biyu ba gaggawa. Sannan ya tura fim ɗin cikin ƙaramar waya ya duba, don ya san a nan akasarin jama'a za su kalla. Abin da bai karantu a waya ba, gogewa yake.

Saul Bass na Amurka ne ya nuna wa duniya nisan da wannan sana'a ke iya zuwa. A farkon Psycho, fim ɗin Alfred Hitchcock na 1960, layuka ne kawai ke shigowa suna tsaga sunaye, amma kafin a ga fuskar kowa mai kallo ya riga ya tsargu.

Namu gwanin yana da wata wahala tasa. Yawancin zubin haruffan kwamfuta ba su da ɓ, ɗ da ƙ. In ka rubuta Ɗanladi, sai wani ɗan akwati ya fito a gurbin harafin farko. Mai ganda ya cire lanƙwasar ya wuce abinsa. Mai kishin aikin kuwa zai nemo zubin da ke da su, ko ya zana lanƙwasar da hannunsa. Ina girmama mai yin haka ƙwarai, domin tun fim ɗin Turmin Danya na 1990 finafinanmu da Hausa suke magana, ya kamata rubutunsu ma ya zama Hausa daidai.

A buɗewa sunan mai ba da umarni ke zuwa ƙarshe, bayan 'yan wasa, mai ɗaukar hoto, mai tacewa da marubuci. A rufewa kuma ake biyan bashi. Fim ɗin ɗalibi ba kuɗi, don haka sunan nan shi ne ladan mai riƙe fitila, da matar da ta dafa abinci, da dagacin da ya ba da izini, da dattijon da ya ara zaurensa. Shi ya sa gwani ke kiran kowa a waya, ya tambaye shi yadda yake rubuta sunansa, Muhammad ko Muhammadu, kafin ya fitar da fim ɗin.