Silsilar Mata a Waƙar Tawassuli ta Nana Asma'u

Wanda ya karanta waƙar Nana Asma'u (1793–1864) mai suna Tawassuli ga Mata Masu Albarka a gurguje zai iya ɗaukar ta jerin sunaye kawai, marar zurfi irin na marsiyoyinta. Ra'ayin wannan muƙala shi ne, a cikin jerin kansa hujjar waƙar take.

Tushen waƙar shi ne Kitabun Nasiha na ɗan'uwanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda shi ma ya ɗebo daga Sifatus Safwa na Ibnul Jauzi. Asma'u ta fitar da zancen daga zuben Larabci, ta ɗora shi a kan ma'aunin waƙa, da Fulatanci tukuna, sannan da Hausa a 1837. Abin da a da sai malami ke buɗewa ya zama abin da mace za ta rera tana kaɗi.

Tsarin jerin ya fi wannan muhimmanci. Ta ambaci matan gidan Annabi (SAW), irin su Nana Khadija da Nana A'isha da Nana Faɗima, ta biyo ta kan waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra. Daga nan sai ta sauko gida, ta kawo matan jama'ar Shehu: Joda Kawuri masaniyar Alƙur'ani, 'Yar Hindu mai sasanta husuma, da Habiba mai karantar da mata. Ba ta ware musu wata waƙa ta daban ba. Ta haka ta nuna wa ɗalibanta 'Yan Taru cewa ba a rufe ƙofar walittaka a Basra ba, domin ga waɗanda suka shige ta, kuma iyayensu sun san su ido da ido.

Waƙar ba ta rasa rauni ba. Siffofin yabon suna maimaituwa, azumi da tsayuwar dare da gudun duniya, har wasu matan su saje da juna, mai karatu ya kasa rarrabe su. Sai dai don kunne aka tsara ta, kuma maimaici shi ne igiyar hadda. Mai nazarin da ya auna ta da ma'aunin rubutu kaɗai ya tauye mata haƙƙi, ya kuma manta da matan da aka yi ta dominsu.