LITTAFIN ZANE NA ƁARAYI: A ƘONE SHI KO A KARANTA?

Ɗan uwa mai karatu, in ka iske ɗanka ɗan lakkol ya duƙufa kan littafin zane mai ɓarayi da ƴan sanda da harbe-harbe, kada ka yi garajen fizge shi. Saurari yadda wasu suka yi gabanka.

A Amurka, cikin 1942, aka soma buga wata mujallar zane mai suna Crime Does Not Pay, watau laifi ba ya da riba. Ta samu kasuwa ƙwarai, masu kwaikwayonta suka yi yawa. Iyaye suka tsorata. A 1948 har tara irin waɗannan littattafai aka yi a wasu garuruwa aka cinna musu wuta. A 1954 wani likitan taɓin hankali, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana cewa su ke lalata yara. Ƴan majalisar dattawa suka saurare shi. Cikin shekarar nan masu bugawa suka kafa wa kansu dokoki, a 1955 mujallar ta mutu. Faransa kuwa tun 16 ga Yuli 1949 ta yi doka ta hana a nuna wa yara fashi da sata kamar abin yabo.

To, likitan ya yi gaskiya? A 2012 wata malama, Carol Tilley, ta bi takardunsa, ta gano ya sauya maganganun yaran da ya bincika don su dace da ra'ayinsa. Ke nan shaidarsa ta raunana.

Amma ni ban wanke mujallar ba. Dubi bangonta: kalmar laifi da manyan baƙaƙe, sauran sunan ƙanana can ƙasa. Cikinta ma haka. Shafi bayan shafi ɗan fashi yana shan daɗi, ga mota, ga kuɗi, ga tufa mai kyau. Sai a zanen ƙarshe a kashe shi, a ce an yi wa'azi. Wanda aka yi wa fashin fa? Da wuya ka san ko yana da iyali. Wannan rowar tausayi ita ce aibinta a ganina, ba bindigar ba.

Duk da haka zane yana jan mai koyon karatu, don hoto na taimakonsa ya gane kalma. Zauna da yaron ku karanta tare. In kun kai ƙarshe, ka tambaye shi sunan mai kantin da aka harbe a shafin farko.