Riba ko amfani? Kalmomin auna aikin tare gangare a Keita

Tun daga 1984, da aka soma aikin raya karkara na Keita cikin Adar-Dutsi-Majiya da kuɗin Italiya da hannun FAO, an jera duwatsu a gangaren tsaunuka, an datse bakin ƙoramu da gabiyo, wato kejin waya da ake cikawa da dutse. Ba ingancin ginin za mu tattauna a nan ba. Abin da ya dame mu shi ne kalmomin da ake auna shi da su idan lissafi ya fito daga Faransanci ya shigo Hausa.

An saba fassara "rentabilité" da riba, "coût" kuwa da kuɗi. A ganinmu duka biyun sun gaza. Riba ta ɗan kasuwa ce: ya saya, ya sayar, ya ƙirga abin da ya hau. Manomin da dutse ya hana ruwa cinye masa gona bai sayar da komi ba. Amfani ya samu, kuma ba banza ba Hausa ke kiran hatsin da aka girbe amfanin gona. Wanda ya tambaye shi riba, zai ji "babu", ya rubuta cewa ginin bai biya ba.

Matsalar kuɗi ta fi nauyi. Waya daga waje take zuwa, farashinta na rubuce. Dutse kuwa, an ce kyauta ne. Amma mata ne galibi suka ɗauke shi a ka, maza sun tafi cin rani, ladan kuma abinci ne na PAM. Wahalar nan kalmar kuɗi ba ta ɗaukar ta, shi ya sa katangar dutse zalla ke fitowa da araha fiye da kima in an gwada ta da gabiyo.

Mun yarda gabiyo na da hujjarsa: ruwa na ratsa shi, laka ta tsaya, yana lanƙwasa ba ya tsagewa kamar siminti. Sai dai waya na tsatsa, kuma ranar gyara tambaya takan taso: na wane ne? Mun sha jin ana cewa "duwatsun furoje", ba mu cika jin "duwatsunmu" ba. Wannan -n ta mallaka ba ta da gurbi a jadawalin lissafi, alhali ita ke nuna wanda ake jira ya ɗaure wayar da ta tsinke kafin damina.