Hannun molo a kan jita

Galibi idan mujallun Amurka suka jera gwanayen jita na duniya, Jimi Hendrix suke sawa a gaba, kamar yadda Rolling Stone ta sake yi a 2023. Ba ni da ja a nan. Inda nake da ja shi ne laƙabin da suke maƙala wa Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wai Hendrix na Sahara. Ga kuma namu na gida, daga Madawa zuwa Buza da Keita, masu cewa kiɗan jitar Buzaye aron Nasara ne, ba shi da gindi a ƙasar nan. Dukansu jitar suke kallo. Da hannun makaɗin suka kalla, da maganar ta sauya.

Tarihin sananne ne. Ibrahim Ag Alhabib da abokansa na ƙungiyar Tinariwen ne suka assasa salon, cikin samarin da fari da rashin aikin yi suka kora Aljeriya da Libiya. A Nijar, marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, shi ya riƙe tutar, kasakasansa na yawo hannu da hannu lokacin tawayen Buzaye na shekarun 1990. Bombino na Agadas ya biyo baya. Shi kuwa Mdou, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa Anar a 2008, da muryar nan ta kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ta katin waya da Bluetooth waƙoƙin suka bi hamada tun kafin Turai ta san sunansa.

To, a dubi hannun. Makaɗin Turai yakan riƙe ɗan tsinken roba, ya danne tsirkiya uku ko huɗu a tare, ya sauya damƙa daga wannan zuwa waccan, waƙar tana tafiya bisa sauyin. Makaɗin jitar Buzaye ba ya haka. Da yatsunsa yake kaɗawa, kuma yakan bar tsirkiya ɗaya a sake, ba a danne ta ba, tana ta gunji a ƙasa daga farkon waƙa har ƙarshenta. Ita ce uwar kiɗan. A samanta manuniya ke fizgar siraran tsirkiyoyi, ɗaya hannun yana bugun wuyan jitar yana ɗagawa da sauri, har bugu ɗaya ya haifi sauti uku. Jimla guda ce gajera ake maimaitawa, amma duk dawowarta sai an ƙara mata wani ɗan lanƙwasa. Mai sauraron gaggawa zai ce kiɗan ba ya zuwa ko'ina. Yana zuwa, sai dai ta hanyar zafi: ganga na ƙara gudu, tafi na matsewa, har masu rawa su ji ƙasa ta ɗauka. A saurari taken kundin Mdou, Afrique Victime na 2021, a ji yadda ya fara a natse ya ƙare a guje, alhali gindinsa bai gusa ba.

Wanda ya taɓa zama gaban mai molo ko mai gurmi a wajen biki ko dandalin kokawa ya san wannan hannun. Haka suke yi: tsirkiya ɗaya na riƙe gida, ɗaya na magana. Tehardent na Buzaye, wanda ake kiɗan takamba da shi, ɗan ɗakin molo ne. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi ya yi rayuwarsa yana gina waƙa bisa maimaici. Saboda haka nake cewa jita ce baƙuwar, kiɗan ɗan gida ne.

Hujjata mafi ƙarfi mace ce, Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad kusa da Abalak. Ita da abokan kiɗanta sun ɗauki waƙoƙin tende, kiɗan matan da ake yi da turmi da fata da tafi, suka ɗora su a kan jita ba tare da sun karya musu tafiya ba. Babu Hendrix a cikin wannan ko kaɗan. In ana auna tasirin makaɗi da yawan hannayen da suka koyi bugunsa, to Ibrahim Ag Alhabib da Oumbadougou sun cancanci sahun farko, don duk yaron da ya saɓa jita a bikin aure tsakanin Tawa da Agadas bugunsu yake yi.