Rabin Daraja: Sharhi a kan Sake Zaman Jarrabawar IELTS a Ƙasar Haɗejiya

Jarrabawar Ingilishi da ake kira IELTS ta fara aiki ne a shekarar 1989, a ƙarƙashin kulawar British Council da hukumar jarrabawa ta Jami'ar Kambirij da kuma IDP ta ƙasar Ostireliya. Sassa huɗu gare ta, watau saurare da karatu da rubutu da magana, kuma kowane sashe ana ba shi daraja daga 0 zuwa 9, ana hawa da rabi-rabi. Wannan sharhi zai dubi abin da ke faruwa da wannan ma'auni sa'ad da hukumomin shige da fice suka mayar da darajojinsa maki, musamman ga ɗan ƙasar Haɗejiya wanda ya zauna jarrabawar, ya sake zama, yana neman rabin daraja.

Ya kamata a fara da ba jarrabawar haƙƙinta. Ta fi jarrabawar Ingilishi ta WAEC kusa da yadda ake amfani da harshe, domin tana sa ɗalibi ya zauna gaban mutum ya yi magana ta minti 11 zuwa 14, ba cike gurbi kaɗai ba. Malamin da ya ga ɗalibi mai kiredit a Ingilishi ya kasa tambayar hanya da shi ba zai raina wannan ba. Aibin yana wurin da aka ɗora mata kayan da ba nata ba.

Ƙasar Kanada ce ta fito da tsarin maki a 1967, ta kuma sabunta shi a 2015 da shirin Express Entry, inda ake jera masu nema bisa maki 1,200. Alal misali, a ɗauki saurayi marar aure daga Kafin Hausa ko Malam Madori, mai digiri na biyu da shekara uku na aiki. Ya sami 8 a saurare, 7 a karatu, 7 a magana, amma 6.5 a rubutu. Da ya sami 7 a rubutun, da ya hau mataki na 9 na ma'aunin harshe na Kanada a dukkan sassa huɗu. Rashin rabin darajar nan ya rage masa maki 8 kai tsaye. Sa'an nan makin da ake bayarwa idan an gwama ilmi da harshe ya sauko daga 50 zuwa 25, haka nan na gwama aiki da harshe. Jimla maki 58 ke nan. Babu masanin harshe da zai yarda cewa tsakanin mai 6.5 da mai 7 a insha'i guda akwai ratar da ta kai haka. Darajar rubutu hukuncin mai dubawa ce, kuma masu jarrabawar da kansu sun san hukunci yakan motsa, shi ya sa suka buɗe ƙofar sake duba takarda cikin mako shida, suna mayar da kuɗin mai ƙara idan darajarsa ta ƙaru. Abin da su suka ɗauka a matsayin kimantawa, hukuma ta mayar da shi katanga.

Sashen rubutun shi ne ya fi cancantar nazari a mujalla irin wannan. Ana ba da minti 60 don aiki biyu: wasiƙa ta aƙalla kalma 150, da insha'i na aƙalla kalma 250, wanda nauyinsa ya ninka na wasiƙar. Ana auna su da abu huɗu: amsa abin da aka tambaya, tsari da ɗinkin zance, yalwar kalmomi, da nahawu. Biyu na ƙarshe harshe suke aunawa. Biyu na farko kuwa al'adar zance suke aunawa, ko da ba a faɗa ba. Bahaushe da ya tashi da wasiƙa mai buɗewa da gaisuwa da fatan alheri da tambayar iyali, wanda ya koyi cewa faɗa wa babba buƙata a jimlar farko rashin ladabi ne, zai kashe kalma 40 kafin ya iso ga dalilin wasiƙarsa. A insha'i kuma zai kewaya, ya kawo misali kafin ya bayyana matsayinsa, ya maimaita magana don ƙarfafawa kamar yadda mai wa'azi ko mai jawabi a fada yake yi. A Hausa wannan ƙwarewa ce. A idon mai dubawa kuwa jinkiri ne da maimaici. Ba a ce kada a koyi salon Bature na shiga magana kai tsaye ba, domin wanda zai yi aiki a Toronto yana bukatarsa. Amma a kira abin da sunansa. Mai 6.5 sau da yawa ba Ingilishi ya rasa ba, wani salon jera hujja ne bai saba da shi ba, kuma ana iya koyar da shi cikin makonni. Hasali ma abin da cibiyoyin share fage ke sayarwa ke nan: ƙirar sakin layi huɗu da kalmomin haɗi da ake haddacewa. Wanda ya sake zama ya haye, da wuya a ce harshensa ne ya ƙaru a tsakanin zama biyun.

Tun 2006 aka cire sharaɗin jiran kwana 90 kafin a sake zama, saboda haka iyakar mai nema ita ce aljihunsa. A nan ne wurin zama yake shiga lissafi. Ɗan Haɗejiya sai ya yi tafiyar kusan kilomita 200 zuwa Kano, ya nemi masauki, ya biya kuɗin da ya ninka mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka tsayar a 2024, har sau uku ko fiye. A gidan da arzikinsa shinkafar fadama ce ko kifi, wannan kuɗi amfanin gona ne ake sayarwa, kuma a shekara irin 2020 ko 2022, da ambaliya ta cinye gonakin Auyo da Guri da Kiri Kasamma, babu abin sayarwar. Lokaci ma ba ya jira. Sakamakon shekara biyu kawai yake aiki, makin shekaru kuma yana fara raguwa daga shekara 30, biyar ko shida a kowace shekara. Mai tara kuɗin zama na uku yana iya samun rabin darajarsa bayan wani makin ya zube ta baya. An fito da damar sake sashe guda kaɗai cikin kwana 60 ga wanda ya yi jarrabawar ta kwamfuta, amma Kanada ba ta karɓe ta ba a shirin Express Entry. Dole a sake huɗun, kuma 8 ɗin saurare da aka samu jiya tana iya zama 7.5 gobe.

A 2022 ƙungiyar matasa ta Policy Shapers ta tara sa hannun dubban mutane, tana neman Ingila ta ɗauke wa 'yan Nijeriya wannan jarrabawa kamar yadda ta ɗauke wa Jamaika da Barbados, tun da Ingilishi ne harshen hukuma da na makaranta. Ma'aikatar cikin gida ta Ingila ta amsa cewa sai an nuna mafi yawan jama'ar ƙasa da Ingilishi suka buɗe baki. Koken yana da hujja a kan tsada da kuma ƙarewar sakamako, amma ginshiƙinsa ba ya tsayuwa a Haɗejiya. A kasuwar kifi ta garin da Hausa ake ciniki, a rugage Fulatanci ake ji, a gabas kuma Manganci da Badanci. Yaro a nan yakan gamu da Ingilishi ne a allon aji, ya bar shi a can idan an tashi. Cewa Nijeriya ƙasar Ingilishi ce don a tsere wa jarrabawa tamkar shafe waɗannan mutane ne daga lissafi. Abin lura kuma, a Nuwamba 2025 Ministan Ilmi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke manufar koyarwa da harshen uwa ta 2022, a wani taro da British Council ta shirya a Abuja. Ƙasar da Auyokanci ya riga ya mutu a cikinta ta san yadda harshe yake ɓacewa.

Amfani da jarrabawar harshe a matsayin ƙofa ba sabon abu ba ne. Dokar Ostireliya ta 1901 ta ba jami'i ikon yi wa baƙo shiftar kalma 50 da kowane harshen Turai ya ga dama, har a 1934 aka yi wa ɗan jarida Egon Kisch, mai jin harsunan Turai da dama, shifta da harshen Gelik na Sikotilan don ya faɗi. Sai 1958 aka soke ta. Zalunci ne a daidaita IELTS da waccan shifta, domin ita ana sanin abin da za a tambaya, kuma ana cin ta. Sai dai a duka biyun hukumar ƙasa ce take yanke wane harshe ne ke da daraja, ba malamin harshe ba. Kanada tana ƙara har maki 50 ga mai jin Faransanci, kuma tun 2023 take ware wa masu jinsa zaɓe na musamman. Saboda haka Bahaushen Damagaram da ya yi boko da Faransanci yana iya shiga gaban ɗan'uwansa na Haɗejiya, alhali a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki. Hausar da su biyun suke mafarki da ita, da Larabcin da suka yi shekaru suna karantawa a zaure, ba su da ko maki ɗaya a cikin 1,200 ɗin.