Sanin Gaɓar Lamba

Lambobi nawa ne ke raba 360 ba tare da saura ba? Mai haƙuri zai zauna ya gwada 1, 2, 3, har ya kai ƙarshe, kuma da wuya bai tsallake ɗaya ko biyu ba. Gwanin lissafi kuwa kamar mahauci ne da ya san inda gaɓa take, ba ya ɓata wuƙarsa a kan ƙashi. Sai ya fasa 360 gida uku: 8 sau 9 sau 5. Masu raba 8 guda huɗu ne, wato 1, 2, 4 da 8. Na 9 uku, na 5 biyu. Huɗu sau uku sau biyu, 24. An gama.

Ba siddabaru ba ne. Duk lambar da ke raba 360, wani abu ta ɗauko daga 8, wani daga 9, wani daga 5, kuma zaɓin nan bai shafi na can ba. Shi ya sa ake ninka amsoshin. Ƙa'idar da ke da wannan hali, a samu amsar babbar lamba ta hanyar ninka amsoshin gutsattsarinta, ita masana ke kira ƙa'ida mai bin ninki.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan ake gane gwani. Dole ya zama babu lambar da ke raba gutsattsarin tare in ban da 1. Mai gaggawa zai ce 12 ai 2 sau 6 ce, masu raba 2 biyu ne, na 6 huɗu, saboda haka takwas. Ya faɗi, amsar shida ce. Abin da ya kayar da shi, 2 tana raba ɓangarorin duka biyu. Da 4 sau 3 ya yanka, da ya dace.

Leonhard Euler, mutumin Basel ta ƙasar Suwizalan, ya fito da wata ƙa'idar irin wannan a 1763, wadda wani masanin lissafi, Gauss, ya sa wa alamar φ a 1801. Ita tana ƙirga lambobin da ba su wuce lambarka ba kuma ba su da mai rabawa ɗaya da ita sai 1. A 15 guda takwas ne: biyu daga 3, huɗu daga 5, a ninka. Wannan ɗan abin shi ne ƙashin bayan RSA, tsarin ɓoye saƙo na 1977 da ya daɗe yana tsare sirrin mutane a intanet. Wanda ya san gaɓoɓin wata ƙatuwar lamba zai samu φ nan take, wanda bai sani ba kuwa kwamfutarsa sai ta tsufa tana nema.

A ganina ƙololuwar gwanintar ita ce hango halin nan inda ba a zata ba. A 1916 Srinivasa Ramanujan, ɗan Indiya da ke Kambirij a lokacin, ya zuba ido kan wani jerin lambobi da ke fitowa daga wani dogon ninki: ta biyu −24, ta uku 252, ta shida −6048. Ninka ta biyu da ta uku ka gani. Ya ce ba katari ba ne, haka jerin yake har abada matuƙar an kiyaye sharaɗin, amma bai kawo hujja ba. Louis Mordell ne ya kawo ta a 1917.